Yadda Ake Saita Farfelar Wutsiya a Helikwafta Mai Rimot

A cikin na'urorin da ake tuƙawa da rimot babu mai wuyar sha'ani kamar helikwafta, a jikin helikwaftan kuma babu inda ke wahalar da sabon shiga kamar wutsiya. Mutum zai haɗa jirginsa tsaf, ya cika batir, ya fita fili, yana ƙara wuta sai jirgin ya kama hajijiya a wuri guda, kafin ya ankara ya kife. Cikin daƙiƙa biyu fuka-fukai sun karye, bututun wutsiya ya lanƙwashe, giya ta zubar da haƙora. Ga shi a wajenmu ba kaya ne da za ka shiga kasuwa ka saya ba, galibi sai an yi oda daga waje, a biya da canjin dala, a zauna jiran makonni.

Yawancin irin wannan asara a kan tebur ake kauce mata, tun kafin a tayar da inji. Sai dai aikin yana da jeri: a fara da ƙarfe da roba, sannan sarbo, sannan alƙibla, lambobin cikin rimot su zo a ƙarshe. Masu koyo sun fi son farawa da lambobi domin danna maɓalli ya fi kwance noti sauƙi, amma babu lambar da za ta gyara wutsiyar da ke cijewa.

Me ya sa ake buƙatar farfelar wutsiya?

Ka taɓa lura da fankar sama da ba a ɗaure sandarta da kyau ba? Da an kunna ta, fuka-fukai su juya gefe guda, sandar kuma ta ɗan murɗa zuwa ɗaya gefen. Dokar Newton ta uku ke nan: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Inji yana juya babbar farfela, ita kuma tana neman juya gangar jikin jirgin ta baya. A ƙasa ƙafafun jirgi suna riƙe shi. Da ya tashi babu abin riƙewa, sai ƙaramar farfelar da ke can ƙarshen wutsiya.

Jirgin duron mai farfela huɗu ba shi da wannan matsala, domin biyu suna juyawa dama, biyu hagu, kowace tana kashe murɗawar 'yar uwarta. Tsarin babbar farfela ɗaya da ƙarama a wutsiya kuwa shi ne wanda Igor Sikorsky ya tabbatar da amfaninsa a Amurka da jirginsa VS-300 da ya fara tashi a 1939, kuma shi ƙananan jiragen rimot suka gada.

Ka riƙe wannan lissafi da kyau, domin za mu dawo kansa. A yawancin jiragen rimot, in ka leƙo daga sama, babbar farfela tana juyawa irin juyin hannun agogo. Saboda haka gangar jiki tana neman juyawa akasin haka: hanci ya yi hagu, wutsiya ta yi dama. Aikin farfelar wutsiya shi ne ta hura iska zuwa dama, ta tura wutsiyar hagu, hanci ya tsaya cak. Duk inda na ce dama ko hagu a wannan darasi, ina nufin kana tsaye a bayan jirgin, hancinsa na kallon inda kake kallo.

Murɗawar nan ba ta tsayawa a ma'auni ɗaya. Ka ƙara wuta ta ƙaru, ka rage ta ragu, iska ta buso ta sake canzawa. Yatsan mutum ba zai iya bin wannan sauyi ba, shi ya sa ake sa jairo. Irinsa ne a cikin wayarka, wanda ke gane motsin hannunka idan kana karkata waya a wasan tseren mota. A jirgi yana jin ƙanƙanin juyin da hanci ya yi, nan take ya umarci sarbo, wato ɗan injin da ke ja da tura hannu, ya gyara karkatar fuka-fukan wutsiya. A jiragen da, jairon wutsiya akwati ne mai zaman kansa, irin su Futaba GY401 da ya yi suna ƙwarai. A na yanzu an haɗe shi cikin akwati guda mai kula da dukkan motsin jirgi, kamar Microbeast ko Spirit ko Brain, wasunsu ma da manhajar waya ake saita su ta Bluetooth. Ko wanne ka mallaka, matakan ɗaya ne.

Wace irin wutsiya ce da kai?

Ƙananan jirage irin su XK K110 da OMPHobby M2 suna da ɗan inji na musamman a ƙarshen wutsiya. Babu sarbo, babu bel, saurin injin ne ke ƙaruwa ko ya ragu. Masu irin wannan aikinsu kaɗan ne: a tabbata an sa farfela ta fuskar da ta dace, wayoyin da ke bi ta cikin bututu ba su goge ba, injin kuma bai gaji ba. Idan jirgin da ke tsayawa lafiya ya fara jan hanci hagu duk lokacin da aka ƙara wuta, galibi ɗan injin ne ya soma mutuwa, musamman mai burushi.

Darasinmu ya fi shafar ɗaya nau'in, irin su Align T-Rex 450 da ire-irensa. A nan babban inji ne ke juya wutsiya, ko dai ta bel mai haƙora, ko ta siririyar sanda da ke juyawa a cikin bututu. Farfelar wutsiya tana juyawa kusan sau huɗu zuwa biyar a kowane juyi ɗaya na babba. Wato in babba tana juyi 3,000 a minti, ƙaramar ta haura 12,000, sama da juyi 200 ke nan a daƙiƙa guda. Saurinta ba shi ake canzawa ba, karkatar fuka-fukanta ake canzawa.

Wannan lamba kaɗai ta isa ta sa ka cire wayoyin babban inji kafin ka taɓa komai. Zare biyu daga cikin ukun, ko ka cire manyan fuka-fukai baki ɗaya. Maɓallin kashe wuta na rimot bai wadatar ba, domin kana cikin juya alƙiblar tashoshi a menu kuskure ɗaya zai iya tayar da inji a gaban fuskarka.

Aikin hannu

Kafin ka kwance komai, ɗauki hotuna da wayarka ta kowace fuska. Za ka gode wa kanka lokacin mayarwa.

Daga hannun sarbo akwai dogon tsinke da ke bin bututu har wutsiya. Can yana haɗe da wani ɗan hannu mai kusurwa, shi kuma yana tura zobe mai zamiya a kan sandar farfela, zoben ne ke karkatar da fuka-fukai. Ɓalle tsinken daga jikin sarbo ka tura shi da yatsu biyu, gaba da baya. Ya kamata ya tafi sumul daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba tare da ka ji wani wuri ya yi tauri ba. In ya cije, bi shi gaɓa-gaɓa har ka gano wurin. Sau da yawa zobban da ke riƙe tsinke a jikin bututu ne ba su yi layi ɗaya ba, ko kofin roba ya matse ƙwallon da yake hawa, ko sandar farfela ta ɗan lanƙwashe daga wani tsohon faɗuwa. Kishiyar wannan ma matsala ce: in ka riƙe tsinke ka ga fuka-fukai suna lilo da kansu, akwai sako-sako, kuma jairo zai yi ta bin wannan lilo ba ya cim masa.

A nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Jairo umarni kawai yake bayarwa. Idan ya ce a matsa kaɗan, zobe ya cije bai matsa ba, zai ƙara matsa wa sarbo lamba har zoben ya ƙwace ya wuce inda ake so, sai ya dawo da shi, ya sake cijewa. Sakamakon shi ne wutsiya mai kaɗawa a hankali dama da hagu, wadda mutum zai kwana yana canza lambobi ba ta daina ba, sarbo kuma yana ta ɗaukar zafi.

Sai fuskar juyi. Juya babbar farfela da hannu zuwa inda take juyawa idan inji na aiki, ka kalli wutsiya. A yawancin jirage, fiffiken da ya fi kusa da gangar jiki sama yake yi, yana tarar iskar da babbar farfela ke hurowa ƙasa. Gefen fiffike mai kauri shi ne zai riƙa shiga iska da farko, siririn gefe yana biye. Masu bel su kula sosai: bel yana fitowa daga gaba a kwance, ya murɗa kwata guda kafin ya hau na baya. In ka murɗa shi ta ɗaya ɓangaren, farfela za ta juya a baibai. Haska fitilar waya cikin bututu ka tabbata murɗawar kwata ɗaya ce tak, ba kwata uku ba.

Ɗaurin bel kuma tsaka-tsaki ake so. In ya yi sako-sako zai tsallake haƙora daidai lokacin da ka ƙara wuta da ƙarfi, wutsiya ta kuɓuce. In ya yi tsauri zai ci batir ya kuma kashe boris. Danna shi da ɗan yatsa kusa da giyar gaba: ya ɗan lotsa, amma kada ya taɓa ɗaya ɓangaren cikin sauƙi.

Notin da ke riƙe fuka-fukan wutsiya kada a ɗaure shi tamau. A bar fiffike yana iya motsawa da ɗan turawa, kuma ɗaurin biyun ya zo daidai. Duk sukurun da ke shiga ƙarfe a sa masa ɗigon shuɗin maganin kulle noti, domin girgiza tana kwance shi. Wanda ke shiga roba kuwa kada a sa masa, maganin yana cin roba.

Sarbo da tsakiyarsa

Kada ka jona sarbon wutsiya sai ka gaya wa jairo irinsa. Akwai masu karɓar siginar tsakiya ta maikirosakan 1520, akwai masu 760. Akwai kuma saurin saƙo: tsofaffin sarbo na analog a kan 50 Hz suke aiki, na dijital na wutsiya da yawa suna ɗaukar 333, masu 760 kuma wasu har 560. Ka ba sarbon analog saurin na dijital, zai yi ƙara, ya yi zafi, ya ƙone cikin ɗan lokaci. Waɗannan lambobi suna jikin kwalinsa ko takardarsa. In ba ka same su ba, nemo su a intanet da lambar samfurin, kada ka yi kirdado.

Jairo yana da yanayi biyu. Na farko shi ne na sassauci, wanda Futaba ke rubutawa NOR: yana rage saurin juyin da ba a nema ba, amma bai damu da inda hanci ya koma ba. Na biyu shi ne na riƙe alƙibla, wanda Futaba ke kira AVCS: yana tuna inda ka bar hanci, in iska ta ture shi ya dawo da shi. Gane su ba wuya. Tura sandar hagu ta rimot gefe ka sake ta. In sarbo ya koma tsakiya nan take, kana yanayin sassauci. In ya tsaya can ko yana dawowa a hankali, kana riƙe alƙibla, kuma ba lalacewa ya yi ba, haka aikinsa yake a kan tebur.

Da yanayin riƙe alƙibla za ka tashi, amma da na sassauci ake neman tsakiya, ko kuma a shafin saita wutsiya na manhaja, wanda ke tsayar da sarbo a tsakiya da kansa. Mayar da duk wani ɗan gyaran tashar wutsiya da ke rimot zuwa sifili. Idan rimot ɗinka yana da tsohon tsarin nan da ke ƙara wa wutsiya karkata duk lokacin da aka ƙara wuta, wanda ake rubutawa Revo, kashe shi, domin jairo mai riƙe alƙibla zai ɗauka umarnin juyawa kake ba shi.

Yanzu ɗora hannun sarbo yadda zai yi kusurwar digiri 90 da tsinke. In bai zauna daidai ba, cire ka gwada wani reshen hannun, domin haƙoran ba a wuri ɗaya suke faɗawa ba. Nisan ƙwallo daga tsakiyar hannu ka bi abin da takardar jirgin ta ce. In ya yi nisa da yawa wutsiya za ta yi zafin rai, in ya yi kusa ba za ta kai ƙarshen tafiyarta ba.

Sannan daidaita tsawon tsinke, ko ka zame sarbon a jikin bututu in irin mai hawa bututu ne, har ɗan hannun baya shi ma ya yi kusurwar 90. A wannan matsayi fuka-fukai ba a miƙe suke ba, suna da 'yar karkata ta digiri 5 zuwa 8 wajen tura wutsiya hagu. Dalili kuwa, ko jirgi yana tsaye a iska bai motsa ba, murɗawar babbar farfela tana nan, dole a riƙa tare ta. Za ka ji wasu na cewa jairon zamani ba ya buƙatar wannan, shi zai nemo wa kansa. Gaskiya ne zai nemo, amma ni ina ganin gara a ba shi wurin farawa mai kyau, tsayawar wutsiya bayan juyi ta fi zuwa daidai ta ɓangarorin biyu.

Gwaji biyu da ba a tsallakewa

Na farko, alƙiblar sanda. Tura sandar hagu ta rimot zuwa dama. Kana neman hanci ya yi dama, wato wutsiya ta yi hagu. Kalli fuka-fukai: gefe mai kauri ya kamata ya karkata hagu, domin duk inda gefe mai kauri ya nuna, can wutsiya za ta. In akasin haka ka gani, juya alƙiblar tashar. Kada ka haddace cewa zobe yana shiga ciki ko yana fita waje don ka ga haka a bidiyon wani, wannan ya danganta da ƙirar jirgi. Fiffike ake kallo.

Na biyu, alƙiblar jairo, kuma shi ne mai kifar da jirage. Ka riga ka ga inda zobe ke tafiya idan ka tura sanda dama. Saki sanda, ɗaga jirgin da hannu, ka fizgi hancinsa zuwa hagu. Zoben ya kamata ya tafi daidai inda ya tafi ɗazu, wato jairo yana ba da dama don ya tare hagun da ka yi. In ya tafi ɗaya ɓangaren, jairo yana taya juyin ne maimakon ya hana shi, kuma da ƙafafu sun bar ƙasa hajijiyar da muka ambata za ta fara. Wannan a jikin jairo ko manhajarsa ake juya shi, ba a rimot ba. Gwaje-gwajen biyu daban suke, na farko zai iya yin daidai na biyu yana baibai. Duk lokacin da ka canza sarbo, ko ka sabunta manhajar akwatin, sake yin su.

Daga nan sai iyaka. Tura sanda har ƙarshe a hankali ka ga inda zobe ya tsaya. Ana so ya kusa ƙarshen sandar farfela amma kada ya daki komai. In ka ji sarbo yana gurnani, ya kai bango yana ci gaba da turawa, rage. Yi haka ta ɓangarorin biyu. A jikin jairo ake sa wannan iyaka. Lambar iyakar tashar wutsiya da ke cikin rimot wani aiki take yi daban, ita ke ƙayyade saurin da jirgi zai juya a kan kansa. Sabon shiga ya rage ta, jirgin zai fi masa ladabi.

A fili

Mayar da wayoyin inji, nemi fili mai faɗi nesa da yara da dabbobi, nesa kuma da filin jirgin sama da barikin jami'an tsaro. Kunna rimot tukuna, sannan ka jona batir, ka bar jirgin ba motsi na 'yan daƙiƙu har jairo ya gama gane tsayuwarsa. In ka motsa shi a wannan lokaci wutsiya za ta yi ta zamewa gefe. Tsaya a bayansa da tazarar taku goma.

Ƙara wuta sannu a hankali har ya yi sauƙi a kan ƙafafunsa. Taɓa sanda dama da hagu kaɗan ka ga hanci yana bin ka. In ya nuna alamar juyawa da kansa da sauri, kashe wuta nan take ka koma gwaji na biyu. In lafiya, ɗaga shi zuwa tsayin ƙugu. Za ka ga ya ɗan jingina dama yana tsaye a iska. Ba matsala ba ce: farfelar wutsiya tana tura jirgin duka zuwa hagu, jinginar ce ke biyan wannan.

Yanzu ne lokacin lambar ƙarfin martanin jairo, wadda rimot ke rubutawa Gain. Fara da abin da takarda ta ba da shawara. Rimot sun bambanta: a wasu, sama da 50 riƙe alƙibla ne, ƙasa da 50 sassauci, a wasu kuma alamar tarawa da ta ɗebewa ce ke raba su. Ƙara maki biyu ko uku, tashi, sauka, ƙara kuma, har ka ga wutsiya ta fara karkarwa da sauri kamar mazari. Nan ka wuce gona da iri, sai ka rage maki kaɗan har ta natsu. Daga nan gwada ƙara wuta da ɗan ƙarfi jirgin ya yi sama. In hanci ya fizga hagu sosai kafin ya dawo, ko martani ya yi ƙasa, ko bel yana tsallake, ko saurin babbar farfela bai isa ya ba wutsiya ƙarfi ba.

Bambanta karkarwa mai sauri da kaɗawa mai nauyi yana da wuya ga ido, musamman hankalinka yana kan tuƙi. Ba abokinka waya ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya daga nesa. Mai sauri, martani ne ya yi yawa. Mai nauyi, koma tebur ka nemi abin da ke cijewa ko girgizar da ke isa ga jairo ta soson da aka manna shi da shi. Abu ɗaya ake canzawa a kowane tashi, in ba haka ba sai a yi gyaran gangar Auzinawa.

Lokacin hunturu yana da nasa sharri ga masu bel. Busasshiyar iska tana sa bel da ke gudu cikin bututu ya tara lantarki, irin wanda ke ɗan harbin hannu idan ka taɓa ƙofar mota. Idan ya fashe yakan rikita jairo, wutsiya ta yi fizga ba dalili. Ana rage shi da ɗan feshin silikon a jikin bel, wasu kuma su haɗa bututun da mazaunin inji da siririyar waya. Ƙura ma tana hawa sandar da zobe ke zamiya a kai, in ta haɗu da giris sai ta zama kamar yashi. Goge sandar bayan kowace fita, ka sa ɗigo ɗaya na mai marar kauri. Idan ka fito da jirgi daga ɗaki mai sanyi zuwa rana, ba shi 'yan mintuna jikinsa ya saba kafin ka jona batir, sannan ka sake taɓa bel, domin bututun alminiyam yana miƙewa da zafi ya ƙara masa tsauri.

Bayan tashin farko da na biyu, taɓa sarbon wutsiya da bayan yatsa. Ɗumi ba laifi. In ya yi zafin da ba ka iya barin yatsa a kai, kada ka sake tashi sai ka duba iyaka, da saurin saƙon da ka zaɓa masa, da santsin tsinke.